Jitar da Na Ɗaga a Fadamar Gulma

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya san abin da hannuwan nan nawa suka aikata, bai kuwa sa an yanke su ba. Salamarsa ta zauna a kanku duka.

Yawancinku da Baba Jamus kuka san ni. Sunana na baftisma Ishaya. Kuna ganina kowace Lahadi a bayan zumuntar mata, kai duk furfura, rungume da jita mai tsarkiya huɗu, ina kaɗawa a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Kwanan baya wani cikin dattawa ya dafa kafaɗata bayan sujada ya ce, "Kai dai Allah ya yi ka da sanyin hali." Na koma gida na kasa cin tuwo. Washegari na je wurin Fasto na ce ya ba ni dama in faɗa wa ikilisiya gaskiya, don kada a yaba mini da abin da ba nawa ba.

Ba ni da sanyin hali, 'yan'uwa. Riƙe ni aka yi.

Nan Birnin Kebbi aka haife ni, unguwar Nasarawa. Mahaifina kafinta ne da ya zo daga ƙasar Filato neman aiki. Mutum ne mai zuwa sujada, mai kuma duka, kuma in ya fara ba ya bari sai hannunsa ya gaji. Ban faɗi haka don in ɗora masa laifina ba. Ƙanwata Saratu, wadda ke buga muku tulu a zumunta, gida ɗaya muka tashi, katako ɗaya ya sauka a bayanmu, ita kuwa ko kaza ba ta iya bugu.

A majami'a na koyi jita. Ina da shekara goma sha tara na ɗauki ƙafa na bar gari. Na yi kiɗa a otal-otal na Legas, na wuce Kwatano, na wuce Abijan, inda na koyi Faransanci a bakin ma'aikatan tashar jirgin ruwa. Daga nan jirgi ya kai ni Marsel, yunwa ta kai ni Hamburg ta ƙasar Jamus. A can na ga takarda manne a bango, wata ƙungiya na neman mai kaɗa bes. Na je. Suka dube ni, baƙi ɗaya tilo a ɗakin, suka miƙo mini jita don su yi dariya. Ba su yi ba.

Kiɗansu shi ake kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Ku ɗauka an tada injin casar shinkafa goma a ɗaki ɗaya, ga wani ƙato mai gashi har gadon baya yana kururuwa a kai. Haka yake ga wanda bai saba ba. Amma kiɗa ne mai tsari, mai wuyar gaske, kuma na zauna da masu yin sa da ba sa ko shan giya, suna gamawa su koma wurin iyalinsu. Saboda haka ba zan tsaya a nan in ce kiɗan ne ya lalata ni ba. Da fushina na je. Abin da na samu a can shi ne wurin da ake tafa wa fushi.

Bari in faɗa muku yadda mai bes ke aiki, don sai kun san wannan za ku gane sauran. Bes ita ce jita mai kaurin tsarkiya, mai muryar ƙasa, wadda ake ji a ƙirji fiye da kunne. Mai ita ba ya kallon jama'a, ba ya kallon mawaƙi. Ƙafar mai ganguna yake kallo. Akwai babbar ganga a ƙasa da ake bugawa da abin takawa, kuma duk lokacin da ƙafar nan ta sauka, dole yatsanka ya sauka tare da ita, ba gaba ba baya. Ƙafa ta sauka, hannu ya sauka. Da haka kake kwana, da haka kake tashi, har abin ya bar kanka ya koma cikin jijiya.

Mai gangunanmu wani mutumin Poland ne, sunansa Marek. Shekara goma sha huɗu ina bin ƙafarsa ta dama. Na san ta fiye da fuskarsa. Mun zaga ƙasashen Turai cikin tsohuwar mota ɗaya, mun ci a kwano ɗaya, shi ya koya mini tuƙi a kan ƙanƙara, ni na koya masa cin barkono.

Akwai wani abu da masu kallonmu ke yi. Sukan buɗe fili a tsakiyar taro su yi ta gudu suna bangazar juna da kafaɗa da gwiwar hannu. Hanci na fashewa, haƙora na zuba. In ka hango daga dandamali sai ka ce yaƙi ne. Amma da zarar wani ya faɗi, sai ka ga hannuwa goma sun sauka sun ɗaga shi tsaye, sannan a ci gaba. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ke karya ta.

Ganin farko da na yi wa abin, Argungu na tuna. Muna yara mukan je kallon dambe bayan girbi, kuma kowa ya sani, ko gwiwa ce ko tafin hannu ya taɓa ƙasa, an gama. Na ga kokawa a Dosso, haka ne. Na ga faɗan 'yan dako a Abijan, mutanen da ke yawo da wuƙa a ƙugu, su ma in mutum ya kwanta sukan ja baya. Duk ƙasar da na taka, da Musulminta da Kiristanta da waɗanda ba su yarda da komai ba, na tarar faɗa yana da inda yake tsayawa.

Ni ne ba ni da wurin tsayawa. Ni sai mutum ya faɗi nake farawa.

Na fasa wa wani kwalba a fuska a Rotterdam don ya taɓa jitata. Na karya wa mai kula da sautinmu haƙarƙari biyu yana kwance yana roƙona. Matar da na aura a can ta ɗauki ɗiyarmu ta gudu ranar da na ɓalla ƙofar banɗakin da ta ɓuya a ciki. 'Yan ƙungiya suka riƙa rufa mini asiri saboda hannuna yana kawo jama'a. Kaitona!

A shekara ta goma sha huɗu ƙafar Marek ta fara jinkiri. Ba jinkirin da mai kallo zai ji ba ne, ɗan kaɗan ne, kamar ƙiftawar ido. Amma ni ina ji, kuma yana sa ni zama kamar wanda bai iya ba. Na yi masa magana, ya ce gajiya ce. Na zage shi da Jamusanci, na zage shi da harshensu, wanda zagi kaɗai na iya a ciki. Ya ci gaba da bugunsa.

Rannan muna wani bikin kiɗa na bazara, a fili, da rana tsaka, muna gwajin sauti kafin a buɗe ƙofa. Ƙafar ta makara sau ɗaya. Ta makara sau biyu. A na uku na zare maɗaurin jitar daga wuyana, na kama ta ta wuya da hannu biyu kamar gatari, na tsallaka gangunan na sauke masa a kafaɗa. Ya faɗo daga kujera, tasoshin ƙarfen da ake bugawa tare da ganguna suka watse. Yana ƙasa ya ɗaga hannu yana kiran sunana. Ban tsaya ba. Na nemi ƙafar nan ta dama, na sauke mata jitar, na sake, na sake, har na ji ƙashin idon sawu ya yi ƙara irin ta busasshen kara. Mutum biyar suka danne ni.

A kotu aka karanta takardar likita. Ciwon jijiya ne ya kama shi, ya faro daga ƙafa. Wata bakwai yana sane, yana shan magani a ɓoye. Alƙali ya tambaye shi me ya hana shi faɗa wa abokan aikinsa. Yana zaune a keken guragu, bai dube ni ba, ya ce, "Tsoron Ishaya nake ji."

Shekara biyar na yi a kurkuku. Da na fito suka sa ni a jirgi, da jaka ɗaya da jitar nan, wadda kotu ta mayar mini da tabon a gindinta.

Saratu ce ta tare ni a tasha. Shekara talatin da wani abu ba mu ga juna ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaya, ka tsufa."

Na ce, "Ke kuma kin zama yarinya?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauki jakar. Mijinta ya rasu, ta ba ni ɗakinsa. Kullum da safe ina jin ta tana ambaton sunana cikin addu'a, ni kuwa ina buga bango ina cewa ta rage murya. Sau ɗaya na wurga mata kofin shayi, ya wuce ta gefen kunnenta ya fashe a bango. Ta share, ta kawo wani. Ta ce, "Yaya, ba da kai nake magana ba, da Ubangijinka nake yi."

Ganin zaman birni zai sa in kashe wani, sai na nemi gona a fadama wajen Gulma, na shiga noman shinkafar rani. Ban san komai a kai ba. Maƙwabcina na gona shi ne Malam Umaru, dattijo kusan sa'ana, runji, wato mahauci, wanda ya bar wa 'ya'yansa fawa ya koma noma. Da ƙuruciyarsa ɗan dambe ne da aka sani har Augie. Shi ya nuna mini yadda ake dashe, yadda ake buɗe ruwa da toshe shi. In na yi shirme sai ya riƙe ƙugu ya ce, "Bajamushe, can ƙasar taku da ƙahwa aka noma?" In lokacin salla ya yi ya shimfiɗa buhu a kan kunya, in ya idar ya kira ni mu sha fura. Bai taɓa tambayata abin da ya dawo da ni gida ba.

Shinkafa ta fitar da kai, ta fara nono, sai jan baki suka sauka. Waɗanda ba su yi noma ba, tsuntsaye ne ƙanana, amma in suka taso sai ka ce hayaƙi, kuma gonar da suka yini a kai sai dai ka girbe kara.

Mutanen fadama suna da yadda suke yi. Ana ɗaura igiyoyi a ratsa gonaki, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, kowa ya hau rumfarsa da majajjawa. Amma babban abin shi ne, ba a korar tsuntsu kai kaɗai. Maƙwabta kan haɗa baki, a ja igiya lokaci ɗaya, a yi ihu lokaci ɗaya, a tura garken gefe guda har ya ƙetare gulbi. In ka kora kai kaɗai, ba korar su ka yi ba, gonar ɗan'uwanka ka kai su.

Malam Umaru ya bayyana mini wannan sarai. Ni kuwa na dubi gwangwanin madara a igiya na ce a raina, ni da na girgiza filaye a Turai, ni zan zauna ina kaɗa gwangwani? Na yi hayar janareta, na ɗauko amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da babbar lasifika, na kafa a bakin gona, na rataya jitata, na murɗa komai har ƙarshe.

Abin ya yi aiki, 'yan'uwa. Bugu ɗaya, garken ya tashi kamar an yaye bargo. Ya yi sama, ya karkata, ya sauka gaba ɗaya a gonar Malam Umaru.

Da yamma ya zo yana murmushi. Ya ce, "Bajamushe, wagga tsawa taka ba korar tsuntsu takai ba. Kwaso su takai tana zuba min. Yau ni ka ciyad da baƙinka."

Na ce, "Kai ma ka nemo janareta."

Washegari ya sake zuwa, ba murmushi. Ya ce, "Don Allah, don girman maƙwabtaka, ka bari mu ja igiya tare. Rabin gonata ya tahi." Na juya masa baya na ci gaba da ɗaure tsarkiya.

Rana ta uku da hantsi ina tsakiyar kiɗa, idona a rufe, na koma Hamburg a raina. Daga baya Malam Umaru ya ce mini ya yi sallama sau uku. Ina zan ji? Sai kawai komai ya ɗauke. Na buɗe ido na gan shi tsaye kusa da janareta, hannunsa a kan makunni.

A duniyar da na fito, ba cin mutuncin da ya kai a kashe maka wuta kana kan kiɗa. Gara a tofa maka yawu. Shi bai san haka ba. Shi dai ya kashe inji ne don a ji magana.

Ya ce, "To, yanzu ka ji ni. Ishaya, mu zauna mu..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na kai masa naushi. Tsohon nan ya ɗan karkata kai kawai, hannuna ya wuce, sai na ji wani abu kamar guduma a ƙarƙashin kunnena. Ban san lokacin da na zauna cikin laka ba. Tun da na bar hannun mahaifina ba wanda ya taɓa kai ni ƙasa da duka.

Ya tsaya a kaina yana huci. Sai ya sauke hannu, ya buɗe shi, ya miƙo mini.

Ya ce, "Tashi, Bajamushe. Ka taɓa ƙasa, an gama. Tashi mu sha hura."

Na kama hannun. Ya ɗaga ni tsaye. Hulata ta faɗa cikin hanyar ruwa, sai ya juya ya sunkuya zai ɗauko mini.

Ku ji da kyau, don wannan ne ban taɓa faɗa a majami'a ba. Mutumin yana sunkuye yana ɗauko mini hulata. Na zare maɗaurin jitar. Na kama ta ta wuya da hannu biyu. Na sauke masa a gefen kai.

Ya kife cikin hanyar ruwa, fuska a ƙasa. Ruwan ya yi ja nan take, jan yana bin kwari yana shiga shinkafata. Na taka gaba, na sake ɗaga jitar sama da kaina, na auna ƙeyarsa. Ba kowa kusa. Na san bugu na biyu zai gama shi, kuma ina so. Ina so, Allah ya gafarta mini!

Sai idona ya faɗa kan ƙafarsa.

Takalminsa ya fita. Ƙafar dama ce, tana kan kunya, diddige a kafe, gaban yana dukan laka. Ɗas. Ɗas. Ɗas. Ƙafar mai shaƙewa ce, amma idon da ya yi shekara da shekaru yana bin ƙafa bai san wannan ba. Na ji jikina ya kama ƙirge da kansa: ɗaya, biyu, uku, a na huɗu hannu zai sauka. Ƙafa ta sauka, hannu ya sauka. Kuma a wannan ƙiftawar na ga ba Gulma nake ba, ina kan dandamali, Marek na ƙasa yana kiran sunana. Na gane abin da zan yi, na gane na taɓa yin sa, na kuma gane ba ni da ikon hana kaina. Na nemi wurin tsayawa a cikina ban samu ba.

Na buɗe baki na yi kururuwa da Hausa, Hausar da uwata ta koya mini addu'a da ita: "Yesu! Riƙe hannun nan! Ni ba zan iya ba, riƙe shi!"

Na huɗun ya zo. Ƙafar ta sauka. Hannun bai sauka ba!

Haleluya! Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara muku abin da bai faru ba. Abin da na sani, hannuwana biyu sun ƙage a sama kamar an kama ni ta wuyan hannu, irin kamun da babba ke yi wa yaro mai shirin taɓa wuta. Yatsuna suka saki ɗaya bayan ɗaya. Jitar ta sulale ta bayana ta faɗa ruwa.

Na yi tsalle cikin kwarin na juyo shi. Na zura yatsa na kwashe lakar bakinsa. Ya yi tari, ya yi amai, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, jini na fita ta kunne. Na cire rigata na ɗaure kan, na goya shi. Ban san yadda na kai hanya ba. Wata motar albasa ta tsaya, muka kwantar da shi a kan buhuna har asibiti a Argungu. Duk hanya ina riƙe da kansa ina cewa, "Ya Yesu, kada ya mutu, kada ya mutu."

Kafin la'asar labari ya bazu: Kirista ya fasa kan Malam Umaru. 'Ya'yansa da 'yan'uwansa rundawa, wato mahauta, suka cika ƙofar asibiti, wasu da sanduna, wasu ba su ko ajiye wuƙaƙen aikinsu ba. 'Yan'uwanmu masu shaguna a Argungu suka rufe suka shige gida, mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba. 'Yan sanda suka ɗauke ni ta ƙofar baya. Kwana biyu ina tsare, Saratu da Fasto na zaune a ƙarƙashin bishiya a waje suna azumi. In Malam Umaru ya mutu, na zama mai kisan kai, kuma ba ni kaɗai zan biya ba.

A rana ta uku da safe ya farfaɗo. Abin da ya fara cewa, a kawo masa Bajamushe.

Aka kai ni da ɗan sanda a kowane gefe, Saratu na biye. Ɗakin cike da danginsa. Babban ɗansa Bello, ƙato mai wuyan bijimi, yana tsaye a bakin gado. Malam Umaru na kwance, kai a naɗe, ido ɗaya a buɗe. Ya dube ni, sannan ya dubi mutanensa.

Ya ce, "Ku saurara. Dambe munka yi. Na kada shi, ya kada ni. Tsohhi biyu sunka yi wauta, shi ke nan. Ku sake shi ya tahi gida, kowa ya koma ga aikinai."

Ƙofa ce ya buɗe mini. Da na yi shiru, da na fita da mutuncina. Tsohon Ishaya da ya sa kai ya wuce. Amma wanda ya riƙe hannuna a fadama sai ya saki harshena.

Na ce, "Malam, ba haka aka yi ba. Ka kada ni, ka ɗaga ni da hannunka. Ka sunkuya kana ɗauko mini hula, na buge ka ta baya. Na kuma ɗaga zan ƙarasa ka."

Saratu ta ce, "Wayyo Yaya."

Ban ga tahowar Bello ba. Naushin ya same ni a baki, na ji haƙori biyu sun karye. Na bugi ƙarfen gado na zube a ƙasa. 'Yan sandan ma ba su yi saurin motsi ba. Na ji tsohon zafin nan ya taso daga cikina har wuya, na san kuma inda zan kama ƙafarsa in karya. Na shimfiɗa tafin hannuwana a kan siminti na ce a raina, riƙe, Ubangiji, riƙe. Suka zauna a buɗe.

Bello ya ɗaga ƙafa zai tattake mini kai.

Daga kan gado, da muryar da ba ta fi ta mai raɗa ba, Malam Umaru ya ce, "Bello. Ya taɓa ƙasa."

Ƙafar ta tsaya a sama. Ta daɗe a can. Sannan ya sauke ta a gefen kunnena, ya fita yana kuka kamar ba ƙato ba.

Da Malam Umaru ya samu sauƙi aka zauna gaban mai gari. Ya ƙi a kai ni kotu. Hukuncin da ya nema shi ne in tsare gonarsa da tawa har girbi, da gwangwani. Haka na yi. Na hau rumfa tun fitowar rana, ina jiran maƙwabta su ba da alama mu ja igiya tare. Ni da na ce na fi ƙarfin gwangwanin madara! Abin da ya rage na shinkafarsa mun girbe shi.

Idonsa na hagu bai sake gani ba. Wannan ba ya gyaruwa, kuma ba na so ku tafi da tunanin cewa komai ya koma daidai. In na je gaishe shi yakan ce, "Zamna ta dama, Bajamushe, in gan ka. Wancan gehen ka riga ka rufe shi." Sai ya yi dariya, ni kuwa ba na iyawa. Bello har yau iyakarmu sannu. Jitar, Malam Umaru ne ya sa aka tsamo ta aka kawo mini. Wuyanta ya karkace, ba ta kiɗa. Tana rataye a ɗakina inda nake ganin ta kowace safiya. Wadda nake kaɗawa ta ikilisiya ce.

Na rubuta wa Marek wasiƙa da Jamusanci, na faɗa masa duka. Bai amsa ba. Kowace Kirsimeti nakan sake rubutawa. Ba dole ne ya amsa ba, ba ni da bakin nema. Ina roƙonku ku sa shi a addu'a, shi da ɗiyata da uwarta.

Shekara takwas ke nan hannun nan bai taɓa kowa ba. Ba don fushin ya mutu ba. Watan jiya wani ɗan kabu-kabu ya buge ni a kasuwa ya kuma zage ni a kai, na ji ƙirgen ya fara. Na cusa hannuwana cikin aljihu na yi addu'ar nan tawa, kalma uku, har ya wuce. Kullum sai an riƙe ni, kuma kullum ana riƙe ni.

Yanzu in muna waƙa, hannun Saratu nake bi a kan tulu. Ita ma takan makara wani lokaci, tsufa ya zo. In ta makara sai in jira ta.

Na gode wa Allah Uba da bai bar ni na zama mai kisan kai ba. Na gode wa Yesu da ya ji ihun mutumin da ya shekara talatin da wani abu bai kira shi ba sai da zagi. Na gode masa don ƙanwata, da kuma maƙwabcin da ya ba ni, wanda ya ɗaga ni sau biyu.

Ɗan'uwa, wataƙila kana zaune a nan, matarka ta san nauyin hannunka, 'ya'yanka na yin shiru in sun ji takunka. Ka sha rantsuwa ba za ka sake ba, ka kuma sake. Na san wurin, na zauna a ciki har na yi furfura. Kada ka jira sai ka gyaru kafin ka kira shi. Ni hannuna na sama na kira, jini na gudu a ƙarƙashina, ya kuwa kama. Ka ba shi naka yau, tun bai sauka ba.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.